Saiwar jinin mutum

Tlemcen, Aljeriya

Zuwa ga Innata Zali, a Ibohamane.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Kawu Mutari da Habsa da jaririnta. Yaya ƙafar taki? Ni lahiya lau nike. Sanyi ne ya ɗan kwantar da ni kwana tara, amma na tashi, tarin ma ya kusa ƙarewa.

Inna, Habsa ta ce mini kina jiƙa saiwar hakin nan jinin mutum kina sha saboda ƙafar. A lakkol ɗinmu na haɗa magunguna, malamarmu ta kawo wani haki mai jar saiwa, ɗan'uwan jinin mutum ɗin namu. Ta ce ana rini da shi, ana shafa shi ga gyambo, amma da yawa cikin danginsa suna da dafi mai cin hanta a hankali in an daɗe ana sha. Na tambaye ta alamun. Ta ce, "Ciki ya kumbura, ido ya yi ruwan ɗorawa." Na kasa zama, na fita daga aji. Haka Baba ya yi, kuma shekara biyu yana shan ta.

Ban ce saiwar ce ta kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Ba ki da laifi, ni ma da hannuna na sha haƙo mishi ita a bayan gari. Amma don Allah ki zubar da jiƙon nan, Kawu ya kai ki likita a Keita a duba ki.

Allah ya jiƙan Baba. Inna, ina son in dawo in iske ki.

Ɗiyarki,
Raihana