Ruwan da Na'urarku ta Faɗa

Assalamu alaikum, ƙanena Kamaruddeen.

Ka yi haƙuri da na katse maka karatu, na san aiki ya yi maka yawa a can Malesiya. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali. Mu nan Makoda sai godiya, ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita tsakar gida da kanta.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne amsar da ka turo mini a waya. Ka ce na'urar da kuke bincike a kanta ta lissafa ruwan shuka zai sauka wajenmu cikin kwana tara ko goma, ka kuma ce gwaji ne, kada in riƙe da ƙarfi. Ni kuwa bakina bai yi shiru ba, na gaya wa baban su Adama. Ya kwashi irin geronmu kaf ya binne a busasshiyar ƙasa, maƙwabta na yi masa dariya. Ran kwana na tara, bayan la'asar, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Gero ya tsiro, kowa na murna ban da ni.

Tun ranar mata ke sallama. Wata ta ce in tambayar mata na'urarka ko cikin 'yarta namiji ne, wata akuyarta ce ta ɓata. Jiya maƙwabciyarmu Nana Khadija ta zo da farar kaza, wai a kai wa mai duba. Na mayar mata da kazarta.

Kamaru, ka tuna abin da malaminmu na allo ya karantar da mu, cewa wanda ya tambayi mai duba ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. Ni ce kuwa na tambaye ka yaushe ruwa zai zo. Ka taɓa ce mini da irin wannan lissafin ake hango cuta, da cunkoson motoci, har da kalmar da mutum zai rubuta a waya. Ban gane ba, kunya ce ta sa na gyaɗa kai. To ka gaya mini tsakaninka da Allah: na'urar nan alamu take dubawa, kamar yadda marigayi Baba kan dubi gajimare da tururuwa, ko akwai wanda take tambaya?

Ka gaishe mini da matarka Khaulat da kyau. Inna da su Adama suna gaishe ku. Yau kwana talatin da ɗaya ina salla ban san matsayinta ba. Don Allah ka amsa mini da wuri.

Yayarka,
Asiya