Ya Bar Sukari, Ya Kama Zuma

Anti Katumi, don Allah ki agaza mini, ni kam dabara ta ƙare. Maigidana direban minicab ne, wato tasi, a nan Tottenham. Bara GP, wato likitanmu na unguwa, ya ce yana da ciwon suga. Tun ranar bai sake sa sukari a shayi ba, wannan na yaba masa. Sai ya koma zuma. Ba ɗan ɗigo ba fa, cokali-cokali, safe da yamma, wai zuma waraka ce, abin da yake magani ba ya zama cuta. Har daga Kumasi ake kawo masa. Na ɓoye kwalbar, ya sayo wata ya ajiye a mota. An yi masa booking a asibiti, ya yi cancel, wai nas ɗin sa'ar 'yarsa ce, tana masa faɗa kamar ɗan firamare. Ranar Juma'a na ɗauke kwanon tuwo daga gabansa a gaban abokansa, tun daga nan ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Yanzu ya fara murza ido, sunan titi sai ya zo daf yake gani. Wallahi tsoro nake ji.

Matar direba

'Yar'uwa, gaskiyarki: zuma tana tayar da sugan jini kamar sukari. Amma kwanon nan da kika ɗauke, kin yi kuskure. Magidanci ne, kin kunyata shi cikin mutane. Ki ba shi haƙuri.

Ki daina musu da shi a kan falalar zuma, ba za ki ci nasara ba, kuma ba nan matsalar take ba. Ku biyu kawai, ki tambaye shi abin da yake tsoro, ki yi shiru ki saurara. Ina zargin lasisinsa yake tsoron rasawa, shi ya sa yake gudun asibiti. Ki nemi a ba shi na'urar awon jini, ya auna da hannunsa kafin ya sha zuma da bayan ya sha. Abin da ya gani da kansa zai fi maganarki shiga. Ki kuma roƙa a haɗa shi da likita namiji.

Idon kuwa ba ya jiran lallashi. A duba shi makon nan. Kafin nan ya ajiye mukulli, domin fasinjojinsa ma ana jiransu a gida. In ya ƙi, ki faɗa masa ƙarara 'ya'yanku ba za su shiga motar ba.

Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Anti Katumi