Na Yi Bankwana da Kowa, Sai Likita Ya Ce da Saurana

Hajiya Kubura, ki taimake ni da shawara tun kafin in zama abin dariyar Yashe. Manomi ne ni, shekaruna hamsin da tara, kuma matsalata ita ce ban mutu ba.

Shekara biyu na yi ina fama da ciwon ciki da rama, ana cewa olsa ce. Babu jiƙon da ban sha ba. Da aka kai ni asibiti a Katsina, hoto ya nuna ciwon daji ne a ƙaramin hanji, aka ce in dawo bayan sati biyu a yi mani aiki. Ni kuwa a sanina, in daji ya haɗu da wuƙar likita, sai makara. Don haka na yi abin da mai hankali zai yi: na bi gida-gida ina neman gafara. Shanun huɗata na ba surukina. Babbar rigata ta shadda na ba ladanin unguwarmu. Matata Zinariya ma na faɗa mata gaskiya, cewa ni na bar ƙofa buɗe ranar da akuyarta ta ɓace, bayan ta shekara bakwai tana hararar maƙwabciya.

Sai ƙanena Ɗanmaliki. Shekara goma sha huɗu ko gaisuwa ba ta haɗa mu, a kan wata ɗorawa da ke iyakar gonar gado. Na je har ƙofarsa na ce na bar mashi ita. Ya fashe da kuka, ni ma na taya shi.

To, aka yi aiki, aka yanke wajen taƙi guda na hanjin aka haɗe sauran. Da na koma jin sakamako, likita ya ce ciwon bai kai hanta ba, amma an same shi a kaluluwa ɗaya, don haka zan yi wata shida ana ƙara mani magani ta jijiya, kuma da yawan irina suna daɗewa a duniya. Ni kaɗai na ji wannan magana. Da na dawo gida aka tambaye ni, na sunkuyar da kai na ce sai addu'a. Ai ban yi ƙarya ba, ko?

Yanzu sau biyu ranar komawata tana wucewa ban shiga motar Katsina ba. Ina cinye malmala biyu a ɗaki, in na ji sallama sai in kwanta in fara nishi. Kowace Juma'a ladan na gilmawa ta gabana cikin rigata. Kunya kam ina ji. Amma gaskiyar magana, Hajiya, Ɗanmaliki ne. Kullum bayan la'asar yana zuwa ya zauna bakin tabarmata muna hirar mahaifiyarmu. Ban san na yi kewarsa haka ba. Ina tsoron ko da mai mutuwa kawai ya shirya, in ya ji zan tashi ya ɗauke ƙafa. In koma asibiti asirina ya tonu, ko in ci gaba da kwanciyata?

Mai bankwanan da bai tafi ba, Yashe

*

Mai bankwana, sannu da dawowa daga tafiyar da ba ka yi ba. Na yi dariya, amma da na kai ga sau biyun da ka ƙi komawa sai dariyar ta tsaya.

Ni ba likita ba ce, sai dai na tambayi masu sani. Aikin da aka yi maka shi ne babban maganin wannan ciwo, kuma ka yi sa'a da bai kai hanta ba. Amma tun da ya taɓa kaluluwa, yana iya barin ɓurɓushin da hoto ba ya gani. Manomi ne kai, ka san ciyawar da aka sare aka bar saiwarta. Maganin wata shidan nan don saiwar ake ba da shi, kuma ba a son a ja lokaci bayan aiki. Yana da wahalarsa, akwai kasala da tashin zuciya, kuma babu likitan da zai rubuta maka yawan kwanakinka, wannan na Allah ne. Amma kwanciyar wasan nan, in ka daɗe kana yi, tana iya zama ta gaske.

Kunyarka na fahimce ta, sai dai neman gafara ba ya lalacewa don mutum ya rayu. Shanu da riga kuwa an riga an bayar, ka haƙura, ka ɗinka wata. Zinariya ka fara faɗa wa, yau ɗin nan. Matar da ke kwashe kwanon malmala biyu wayam, anya ba ta riga ka sani ba? Sannan ku je tare ku ba maƙwabciyar nan haƙuri.

Tsoronka game da Ɗanmaliki ba shirme ba ne, akwai masu shiri don ganin makara kawai. Amma irinsu sau ɗaya suke zuwa su sauke nauyi. Ɗorawa tana hannunsa tun ranar farko, me yake dawowa nema kullum? Shi fa yana zama bakin tabarmar nan ne da zuciyar mai ƙirga kwanakin yayansa, kai kuma ka bar shi a haka.

Gobe bayan la'asar ka tashi zaune ka faɗa masa abin da likita ya ce, ka roƙe shi ya riƙa raka ka Katsina har wata shidan su cika. Wanda ya shirya ɗaukar makararka ba zai ƙi zama kusa da kai a mota ba. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa ku ci kalwar ɗorawar nan a miya ɗaya shekaru masu yawa.