Kuskure a Shafi na Huɗu

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Mama da yara kuna lafiya. Ka ce wayar minti biyu ba zumunci ba ce, to ga takarda.

Ka tambayi aikin da nake yi tun da aka ƙara mini girma. Ni ke zana tsarin manhaja: wane sashe zai ajiye bayanai, wane zai yi magana da wane, sannan mutum shida su gina. An ba ni ofis na gilashi. Ina hango su suna dariya, da na buɗe ƙofa sai kowa ya koma kan kwamfutarsa. Har da Dogo, wanda muka yi shekara bakwai teburinsa na manne da nawa.

Ƙa'idarmu, ba a fara gini sai mutum biyu sun duba zanen sun sa hannu. A da Dogo kan maido mini nawa jawur da gyara. Yau shekara biyu ban ga ko ɗigo ba. Makon jiya haƙurina ya ƙare, na sa kuskure da gangan a shafi na huɗu, irin wanda ko sabon shiga zai gani. Kafin azahar shi da wata sun sa hannu. Yaya, ba mai karanta aikina. Ina tsakiyar mutane amma kaɗaici ya ishe ni.

Ka gaishe mini da Mama.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa'alaikumus salam. Duk muna lafiya. Mama ta ce ki daina tsallake abincin rana, kada ki tambaye ni yadda ta sani.

Ni kafinta ne, ban san manhaja ba, amma na san tarko in na gan shi. Kin haƙa rami kin shimfiɗa tabarma a kai, kina jiran abokinki. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Ranar da abokan aikina suka daina gaya mini katako ya karkace, kaina zan fara tuhuma. Ke tun kina ƙarama, a gyara miki magana ɗaya sai kin kawo hujja goma. Mu dole muka haƙura, jini ne. Su kuwa fa?

Je ki gaya musu da bakinki kafin su gano.

Allah ya yi miki albarka.

Yayanki

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na bi maganarka, sai dai na makara.

Kafin in yi magana na buɗe abin da suka gina, ina neman kuskuren. Babu shi. Sun gyara shi shiru, har sun kwaikwayi yadda nake sa wa abubuwa suna don kada in lura.

Duk da haka na faɗa musu a taron safe, wanda muke yi a tsaye gaban farin allo. Dogo ya rufe alƙalaminsa ya ce, "Mun gani tun ranar. Mun ɗauka gajiya ce, muka ce mu rufa miki asiri. Ashe jarrabawa kike mana."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa mini?"

Ya ce, "Karon ƙarshe da na faɗa, minti arba'in kika yi kina mini bayani a gaban kowa. Kin yi gaskiya ranar. Shi ke nan na koyi yin shiru."

Wallahi ban tuna ranar ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Jiya ya nemi a mayar da shi reshenmu na wani gari. Takardar neman tana gabana, sai na sa hannu za ta wuce. Ina iya riƙe ta. Ka ba ni shawara.

Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ga amsarka mai layi ɗaya, cewa ƙusa ba ta riƙe katakon da ya tsage. Na sa hannu, Dogo ya tafi ranar Alhamis.

Ya bar takardar miƙa aiki kamar yadda aka saba. A ƙarshenta ya ƙara shafi shida: abu goma sha huɗu da yake ganin na yi ba daidai ba a tsarinmu cikin shekara biyun nan, kowanne da dalilinsa. Sau biyu na karanta. Ya yi gaskiya a goma sha ɗaya, ukun kuma akwai magana.

Da murnata na fito daga ofis, takardar a hannu, in ce masa zo mu yi gardama a kan abu na tara. Har na kai bakin teburinsa. An riga an ɗauke kujerar.

Ka ce wa Mama ina cin abinci.

Auta