Inna, Baba ba rago ba ne

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, ina fatan ƙasa ta yi miki sauƙi. Na san ko kina raye ba ki iya karatu ba. Jikokina suka ce in na sa wannan a waya mutane za su gani, kuma dama mutanen nake so su gani.

Inna, an sa mini takunkumi. Ni Balkisu, da furfurata. Kullum in zan kwanta sai in ɗaura wata roba a hanci, igiyarta ta zagaya ƙeya, tiyo ya tafi cikin wata 'yar na'ura mai hura iska. Likita a Birnin Kebbi ya ce maƙogwarona ne ke rufewa cikin barci, numfashi ya ɗauke. Shi ya sa nake minshari, shi ya sa nake gyangyaɗi ko a kan sallaya. Ya ce ciwo ne, kuma yakan bi jini. Da ya tambaye ni ko akwai mai irinsa a gidanmu, sai Baba ya faɗo mini a rai.

Da farko na sha wuya, wallahi. Iska ta busar mini da baki, roba ta yi mini shaida a karan hanci, in farka in tarar na fizge ta na jefar ban sani ba. Ranar da batirin sola ya mutu kuwa, sai in kwana a zaune. Yanzu na saba. Ina tashi kaina wasai, rabona da jin haka tun ina budurwa. Da kan nawa ya washe, ke na fara tunawa, kuma ba da alheri ba.

Kin tuna shekarar da aka karɓi mulkin kai? Ana ta kiɗa a garinmu Bagudo, mu muna fadamar Kaoje, shinkafa ta nuna. Baba yana gadin tsuntsaye. Kika kai masa fura kika same shi yana barci, majajjawa a hannu, tsuntsaye sun rufe gona. Ba ki tashe shi ba. Sai da kika bi gonakin maƙwabta kika kirawo mutane. “Ku taho ku ga mijina,” in ji ki, “shi da gawa bambancinsu minshari.” Ya farka ya ga mutane a kansa suna dariya. Ina riƙe da zanenki a lokacin.

Sai ranar da ya ɗora buhu zai bi ayari zuwa kasuwa a ƙasar Dahomi, barci ya kwashe shi a kan jaki, jakin ya juyo da shi gida. Ranar kika raɗa masa Na-kwana. Sunan ya bi gari. Yara suna ganinsa su sa waƙa, ke kina daka kina amsa musu.

Da dare ina kwance a bayanki ina ji. Minsharinsa ya yi ƙarfi, ya yi ƙarfi, sai tsit. Ki kai masa gwiwar hannu a haƙarƙari, ya zabura yana haki. “In mutuwa za ka yi, yi ta da rana in samu kwana.” Haka kike cewa, kusan kullum.

Da damina kika gaji, kika naɗe tabarmarsa kika kai zaure. Ya tashi ya bi ta can. Baba bai iya musu ba, kunyar kansa yake ji, don shi ma ya yarda rago ne. Ke kika koya masa.

A zaure babu mai zungurinsa in ya yi tsit.

Safiyar da bai fito salla ba, maƙwabci ya leƙo yana tambaya. Kina hura wuta, ko waiwayowa ba ki yi ba, kika ce a bar shi, Na-kwana ne. Aka bar shi. Hantsi ya yi, rana ta take, kaji suna hawa kan ƙafafunsa, kowa ya wuce ta zauren ya yi murmushi. Sai da azahar aka taɓa shi, aka ji ashe ya riga ya sandare.

Ban manta wahalarki ba, Inna. Ke kika riƙe gonar, tafin hannunki duk kanta, ke kika ciyar da mu, kuma ba ki sake aure ba. Na sha ganinki da yamma a bakin zauren nan, kin yi tagumi, in na matso ki ce hayaƙi ne ya shiga idonki. Ba ki san ciwo ne da shi ba. Babu wanda ya sani a lokacin. Amma rashin sani bai sa ki kira gari su yi dariya ba, wannan halinki ne. Da kin bar shi a ɗaki, ko don ki ci gaba da zaginsa, da wataƙila shi ya ɗaura mini aure.

Allah ya jiƙan Baba, ya ba shi hutun da bai taɓa samu ba. Ke ma Allah ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki. Na roƙa miki da zuciya ɗaya, don ke kika haife ni. In Allah ya haɗa ku, ki dube shi ki faɗa masa da bakinki cewa ciwo ne ya yi, ba ragwanci ba. Ni na faɗa wa Bagudo. Saura ke.

Ɗiyarki,
Balkisu