Ɗan Baffana Ya Yanka Kujerar Inna

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya min a wuya.

Ni ɗan Ƙofar Rini ne a Sakkwato. Kakarmu, Inna, tana da wata kujera 'yar ƙasa mai faɗi da mahaifinta ya yi da hannunsa. Masassaƙi ne. Lokacin da Turawa suka shigo gari mutane suka watse, yana saurayi ya gudu wajen dangi a Dundaye, da ya dawo ya tarar gidansu ya ƙone, rabin ƙyauren zaure kawai ya rage. Da wannan guntun ya haɗa kujerar, har yanzu ƙasanta baƙi ne inda wuta ta lasa. Duk amaryar gidanmu a kanta ake sa mata lalle, Inna kuma tun da idonta ya tafi a kanta take wuni.

Bara ƙafa ɗaya ta tsage. Ni na lallashi Inna ta yarda a gyara, na kai wa ɗan baffana, kafinta ne a unguwar Gidan Dare, sana'arsa kenan haɗa tebur da kujeru da tsofaffin ƙyamare. Maraya ne, Inna ce ta goye shi, tabarma ɗaya muka kwana. Ya yi ta ja min rai, yau gam bai bushe ba, gobe babu wuta, daga baya ya aiko ta tana sheƙi.

Inna ba ta ko zauna ba. Ta shafa sama, ta kai hannu ƙasa, ta shinshina yatsunta, ta ce, "Wagga ba kujerar babana ta ba. Ina ka kai ta?" Na rantse mata ita ce, ta kau da kai.

Ban gane ba sai da wani aboki ya turo min hoto daga shafin kasuwancin ɗan baffan nawa. Ƙaramin teburin shayi a falon wani mai kuɗi a Abuja, saman teburin katakon kujerar Inna ne, ga tabon wutar ya juyo shi sama don ado. Har labarin mahaifinta ya rubuta a ƙasa, wai itace mai tarihi.

Na same shi a shago. Da farko ya musa, da na nuna hoton ya ce ai gara ta cinye ƙafafun, ceto katakon ya yi. Da na ce mu je gaban Inna sai ya riƙe min riga yana kuka, wai tana da hawan jini, in ta ji shi ne za ta iya faɗuwa, alhakinta a kaina.

Yanzu Inna a tabarma take zama, ta sa an fitar da sabuwar waje. In na gaishe ta sai ta amsa a taƙaice, shi kuwa in ya zo ta jawo shi tana sa masa albarka, har tana gaya masa na sayar da kayan ubanta, yana sunkuyar da kai.

Tsohuwar nan ta yi nisa. In faɗa mata in karya mata zuciya da yaron da ta goya, ko in yi shiru ta koma ga Allah tana ganina ɓarawo? Me za ku yi in ku ne?