Zaren da Kika Naɗe a Mazari

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji, ina neman izini in yi miki doguwar magana, abin da ban taɓa yi ba kina raye. Na san mutane za su karanta wannan takarda, na kuma san da kina nan da tuni kin ja mayafi kin rufe fuska. Ki yi haƙuri. A gaban mutane na yi miki laifin, shi ya sa nake son in nemi gafarar a gabansu.

Abin da ya tayar da zancen shi ne jikata Rabi, wadda ba ki sani ba. Tana karatun harsuna a jami'a. Makon jiya ta zo da wayarta za ta ɗauki maganata, wai tana nazarin yadda Hausar tsofaffi ta bambanta da ta yaran yanzu. Kafin ta danna komai sai da ta karanta mini wata takarda: ko na yarda, da waɗanda za su ji, da cewa ina da ikon in ce a goge duk ranar da na ga dama. Ta miƙo mini biro, na riƙe shi na kasa sa hannu. Ita ta ɗauka tsufa ne.

Inna, ni ne ɗanki na fari, kuma kin riƙe kunyar ɗan fari yadda ban taɓa ganin wata ta riƙe ba a duk garinmu Mawashi. Ba ki taɓa kiran sunana ba. In dole ta kama, sai ki ce “wancan yaron”. In na shigo tsakar gida ki kau da kai, tuwona kuwa ta hannun Gwaggo Hajo yake zuwa, yayar Malam mahaifina, wadda ke zaune tare da mu. Amma ke mai hira ce, na sani. In kuna kaɗi ke da Gwaggo da hantsi, nakan laɓe a bayan zana ina jin kina zuba labari, tana dariya har da tari. Da na yi motsi sai ki yi tsit.

Da aka kai ni makarantar horon malamai a ƙasar Kano, ranar farko na ce zan “tahi” masallaci, ajin ya fashe da dariya. Wata guda ba a kira ni da sunana ba, sai Tahi. Wallahi na ji zafin abin. Na zauna na goge bakina tas, kamar mai wanke ƙwarya, har na dawo ina Hausa irin ta rediyo. Aka ba ni koyarwa a Kankiya a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, ana ta buɗe makarantu, manyan motoci na ta wucewa tsakanin Kano da Katsina. Ni kuwa uban iyayi, ga wando mai faɗin ƙafa, ga agogo, duk yaron da ya ce “shina zuwa” a ajina sai ya sha bulala. Harshen da kika shayar da ni nake dukan 'ya'yan mutane a kansa.

A nan Dakta ya same ni. Malami ne daga wata jami'a, mutumin kirki, ya zo da rakoda da jakar kasa-kasai. Aikinsa shi ne ya ɗauki maganar mutane, tsoho da yaro, na gari da na ƙauye, ya ga abin da ke canzawa. Ya kuma kan kunna wa wasu mutane muryoyin, ba tare da sun san mai maganar ba, ya tambaye su wane irin mutum suke jin wannan. Ya ce da haka ake gane wace magana ake girmamawa, wace ake rainawa. Hedimasta ya haɗa shi da ni in riƙa yi masa jagora.

Damuwarsa ɗaya ce. Duk muryoyinsa na maza ne, shi kuwa ya ce tsohuwar magana tana bakin matan da ba su yawo, kuma ba shi da hanyar shiga gidan kowa. Ban tsaya tunani ba na ce a bar mini wannan. So nake ya ga ni ma wayayye ne. Akwai kuma wani dalili da ban gaya masa ba: so nake in mallaki hirarki, in ji ta ba ta bayan zana ba.

Ranar Asabar na zo gida da rakodar a jaka. Kina madafa na saka ta a kwandon kaɗinki, na danna, na kifa faifai a kai, na fita. Ban tambaye ki ba, ban tambayi Malam ba, alhali na san sarai a gidanmu ko sallamar baƙo ba kya amsawa da murya, sai dai ki tafa hannu. Da kuka tashi na zo na ɗauke. Batir ya riga ya yi sanyi, ban samu na saurara ba. Ranar Litinin na miƙa wa Dakta kaset ɗin, ya rubuta lamba a jikinsa, ya jefa a jaka.

Bayan mako biyu, ranar kasuwa, ya tara mutane a wani aji bayan an tashi yara. Akwai malaman makaranta, da akawu, da direbobi biyu, da 'yan kasuwa. Ni ne mai kunna rakoda. Ana shirin farawa sai ga hedimasta ya shigo riƙe da hannun Malam. Ashe ya zo kasuwa ne ya biyo ya duba ni, hedimasta ya ce ai ga dattijo masani, ya zauna ya ba da nasa ra'ayin. Na lallashi kaina da cewa kasa-kasai sun fi ashirin a jakar nan.

Murya ta farko ta wani mahauci ce, ta biyu ta wani ɗan boko. Dakta ya miƙo kaset na uku, na ga lambar. Inna, na gane ta. Da na ce kaset ɗin ya lalace, da ba wanda zai musa. Da na yi tari na fita. Ban yi ko ɗaya ba, na saka na danna.

Sai ga ki a cikin ajin. Kina ba Gwaggo labarin shekarar da fara ta cinye muku gero a Bauranya, garinku, ana jin ƙarar mazari yana juyawa. Na saci kallon Malam. Carbinsa ya tsaya cak a hannunsa, idonsa na kan allo.

Dakta ya sa na dakata, ya fara tambaya. Daga ina take? Ta yi karatu? Za ku so 'ya'yanku su yi magana irin tata? Wani matashin malami, abokin aikina, ya maƙale murya ya kwaikwaye ki, aka kwashe da dariya. Akawu ya ce wannan ai ko titin mota ba ta taɓa gani ba. Direba ɗaya ne kawai ya ce shi kam ta tuna masa da kakarsa, kuma irin waɗannan ba su ƙarya. Ga abin da ya fi ci mini rai har yau: da abokin nan nawa ya dube ni yana dariya, na yi masa murmushi. Tsoro nake kada a gane tawa ce.

Dakta ya ce a ci gaba. Na danna. Muryarki ta yi ƙasa, kamar kin matso kusa da Gwaggo, kika ce: “Shi kau wancan yaron, ran da ya hwara tahiya, ba kowa gidan, ni ɗai na gani, sai na…”

Malam ya miƙe ya ce, “Kashe.” Bai ɗaga murya ba, amma yatsana ya kashe kafin in san na yi. Dakta, bawan Allah, bai san dawan garin ba, ya tambaye shi cikin ladabi wace irin mata yake jin wannan. Malam ya ce, “Matar aure ce.” Ya sa takalmansa ya fita, ko inda nake bai kalla ba.

Ban bi shi ba. Na ce bari ya huce. Washegari da hantsi wani maƙwabcinmu ya iso makaranta a kan keke da saƙon Gwaggo: in zo yanzu, Malam ya ce ki tafi gida Bauranya sai ya neme ki.

Na iske kin ɗaure kayanki a zane, kina zaune a bakin gado. Gwaggo ta ja ni gefe tana huci. Malam ya ɗauka da saninki aka ɗauka, wai kin zauna kin yi wa baƙin maza hira a cikin akwati. Ya tambaye ki sau uku wa ya kawo abin nan gidansa, kin yi shiru. Kin gane ni ne, don kin ga faifan da ba ke kika kifa ba. Amma ba za ki iya kama sunana ba, ba kuma za ki miƙa ni ba. Aure na shekara ashirin da wani abu kika ɗora a kan shirun nan.

Na durƙusa a zaure na faɗa wa Malam komai. Da na gama sai ya ce ya ji ba ki da laifi, amma shi ba zai zauna da mata a ɗaka muryarta tana yawon kasuwanni ana yi mata dariya ba. In abin nan bai shigo hannunsa kafin la'asar ba, maganarsa tana nan.

Dakta kuwa tun da safe ya wuce Kusada da jakarsa, zai yi irin zaman jiya. Kusada, inda 'yan'uwanki na Bauranya ke shiga kullum! Na hau keken maƙwabcin nan ina taka shi kamar zan karya. Ƙaya ta fasa mini taya a hanya, na ƙarasa ina turawa da gudu, wandon gayun nan duk ya kwashi ƙarangiya.

Na same shi ya jera benci a ƙarƙashin wata bishiya, mutane sun fara zama, na hango ƙanenki Kawu Sale a cikinsu. Kaset ɗinki na kan tebur. Na ɗora hannu a kai na ce na zo karɓa. Dakta ya ja ni gefe yana roƙo. Ya ce a duk abin da ya tara babu kamar wannan, akwai kalmomin da bai taɓa ji a bakin kowa ba, nan da wasu shekaru ba za a sami mai magana haka ba. Ya ce ai ba suna a jiki, lamba ce kawai. Na ce masa uwata ce, kuma ba ta san an ɗauka ba.

Ya cire tabarau. Ya ce laifinsa ne da bai tambaya ba. Ya miƙo mini, sannan ya ce ga sabon batir, in zauna a motarsa in saurari sauran ni kaɗai, shi ya ji, kuma ya kamata in ji. Na dubi rana, ta karkata. Na ce ba lokaci. Gaskiya ne ba lokaci, amma har da tsoro: na ji ba ni da fuskar da zan sake sata daga bakinki. Ya sa direbansa ya kawo ni.

Ana kiran la'asar na ajiye kaset ɗin a gaban Malam. Bai taɓa shi ba. Ya ce in kai miki, muryarki ce. Na ajiye a bakin ƙofarki na ja da baya. Kika ɗauka kina jujjuya shi, kika sa tsinke kika zaƙulo zaren ciki. Sai kika jawo mazarinki kika shiga naɗewa, a natse, yadda kike naɗe zaren auduga, har ya ƙare. Kika tsinke shi da haƙori. Daga nan kika kwance ɗaurin kayanki.

Aurenki ya tsira, Inna, amma ni na san abin da na rasa. Tun daga ranar, duk lokacin da na zo gida, kafin ki zauna kaɗi sai kin ɗaga faifai kin leƙa kwando. Ba ki taɓa yi mini faɗa ba. Da ma kin yi. Hirar bayan zana kuwa ta ƙare, in ina gida daga “to” sai “a'a”. Ni ma ban ƙara ɗaga bulala a kan maganar yaro ba.

Maganar Dakta ta tabbata. Jikokina Hausar rediyo da ta waya suke yi, in na saki baki irin na Mawashi sai su ce Kaka na wasan kwaikwayo. Na yi ƙoƙarin tuno kalmomin da ya ce bai taɓa ji ba, na kasa, ni da na goge su da hannuna.

Bayan rasuwarki, da mata suka buɗe adudunki, sun sami mazarin a ƙasa, a ƙunshe cikin ɗankwalinki. Ba ki ƙona ba, ba ki yar ba. Na kai shi Kano wurin masu gyaran rediyo, kowa ya duba sai ya girgiza kai, zaren ya manne ya mutu. Na je wa Gwaggo Hajo da tambaya, lokacin tsufa ya ci ƙarfinta, ta ce ita ba ta tuna wata hira ba.

Shekarata saba'in da ɗoriya yanzu, kuma har yau ina nan a tsakiyar maganar nan taki. Ba kowa a gidan, ke kaɗai kika ga na fara tafiya, sai kika yi me? Kin ɗauke ni? Kin kira sunana, tunda ba mai ji? Ina son in sani, Inna, ina so ƙwarai. Amma ba ni kika gaya wa ba, kuma na yarda ba haƙƙina ba ne.

Na sa wa Rabi hannu a takardarta daga baya. Na ce ta kunna, zan yi mata magana da bakin uwata, iyakar abin da ya rage mini.

Ki yafe mini. Allah Ya jiƙanki, Ya jiƙan Malam da Gwaggo, Ya haskaka kabarinki, Ya suturta ki yadda kika suturta ni ranar da ban cancanta ba. In Ya haɗa mu a gidan rahama, ba zan laɓe ba. Zan yi sallama in tsaya daga bakin ƙofa, in kin ga dama ki ƙarasa mini.

Wassalam.

Ni ne ɗanki,
wancan yaron.